KWAƊO BA NA ZOGALE KAƊAI BA NE



A gidaje da yawa in an ce kwaɗo to zogale ne da ƙuli-ƙuli, in an ce salak to kabeji ne da bama. Yau shi, gobe shi, har yara su fara ture kwano, daga nan ganye ya fita daga abincin gida, sai tuwo da shinkafa zalla. Nan ne bushewar ciki da basir ke samun ƙofa.

Ku bi lokaci. Da damina ga tafasa, ga rama, ga alayyahu, wasu ma a bayan gida suke fitowa. Tafasa ɗanyen toho ake tsinka, kuma kar a cika ta don tana sassauta ciki. Da sanyi kayan lambu sun yi araha: lansir, latas, karas, tumatur. Da bazara ga yaɗiya da busasshen zogale. Ko ganye biyu kika gauraya, uwargida, ɗanɗano ya sauya. Tsamin rama yana kashe ɗacin zogale, yajin lansir kuma yana tayar da latas.

Gurji ko kokwamba kuwa, ya tabbata a Buhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Ja'afar cewa ya ga Manzon Allah (SAW) yana cinsa da ɗanyen dabino. Ku gwada: kokwamba 1, dabino 3 a yayyanka ƙanana. Mai ciwon suga ya tsaya a dabino ɗaya, ko ya bar shi.

Sai mahaɗi, kuma nan ne na fi son ku kula. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Cokali ɗaya na khal ko ruwan lemon tsami, da cokali biyu na man zaitun ko man gyaɗa, sun fi bama nesa ba kusa ba. Lemon tsami yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye, shi ya sa nake son shi ga mai ciki da mai shayarwa. Shayi kuwa rage wannan tsotsar yake, a jinkirta shi bayan cin kwaɗo. Mai kuma shi ke sa amfanin karas da zogale ga ido ya shiga jiki. In tsami ya ji, za ki ga ba kya buƙatar dunƙulen magi uku, mai hawan jini ya huta. Mai olsa dai ya sassauta tsamin. A madadin ƙuli wata rana a daka soyayyen riɗi. Ƙulin da ya yi fumfuna kuwa zubar da shi ake, yana cutar da hanta.

Albasa ɗanya a bar ta sai bayan Isha'i, tunda an hana wanda ya ci ta kusantar masallaci da warinta.

Abin da za a ci ɗanye, a tuna wasu lambunan da ruwan kwata ake ba su, ta nan taifot da amai da gudawa ke shigowa gida. A ware latas ganye-ganye, a wanke da ruwa mai tsabta sau 3, a jiƙa shi a ruwan khal ko gishiri, a sake ɗaurayewa. Karas da kokwamba a fere su. In ana annoba a unguwa, a koma kan dafaffen ganye har ta wuce. Kwaɗon da aka haɗa da rana kuma kar ya kwana.

Allah ya ƙara mana lafiya.