Kifin Bututu: Namiji Ke Goyo, Gidansa Na Mutuwa

Mai karatu, a ƙarƙashin Bahar Maliya, tsakanin Jidda da Port Sudan, akwai wani ɗan kifi da ba za ka gani a kasuwa ba, domin babu tsoka a jikinsa. Shi ne kifin bututu, ɗan uwan dokin teku. Irin da masana ke kira Doryrhamphus excisus bai wuce santimita 7 ba, ruwan lemo ne da shuɗin layi a gefensa.

Ba shi da haƙori, zuƙar abinci yake yi da dogon bakinsa. Yakan kuma yi wa manyan kifaye wanzanci, yana tsince ƙwarin da suka manne musu. Abin mamaki, macen takan zuba ƙwai a wata 'yar jaka a ƙarƙashin cikin namijin, shi zai yi ta dakonsu har su ƙyanƙyashe. Samarinmu masu gudun riƙon jariri sai su ji.

Matsalar ita ce a ramukan duwatsun murjani yake zaune, kuma ba gwanin iyo ba ne balle ya yi ƙaura. Murjanin nan halitta ce mai rai, idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. A 1998 an yi asarar kimanin kashi 16 cikin 100 na murjanin duniya, sannan a Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da cewa annobar ta sake game tekunan duniya, karo na huɗu ke nan.