Shin Man Fetur Mai Babbar Lamba Ya Cancanci Kuɗinsa?

A gidajen mai na Amurka, famfo ɗaya kan zo da maɓallai uku: 87, 89, sai na ƙarshe 91 ko 93. Kowane da farashinsa, mai babbar lamba kuma shi ne mafi tsada. A Turai 95 da 98 ake gani. Direban da ke ƙaunar motarsa yakan ce bari ya ba ta mai tsadan, ko ta ƙara ƙarfi da tsawon rai. Niyyar mai kyau ce, amma ga yawancin motoci kuɗin nan a banza yake tafiya.

Lambar da ke jikin famfon ita ake kira okten, kuma ba ƙarfin mai take aunawa ba. Haƙurinsa take aunawa. A cikin silindar inji, fistan yana matse mai da iska wuri ɗaya har su yi zafi, sannan fulogi ya ƙyasta wuta a daidai lokacin da aka tsara. Wutar ta bazu a hankali, ta tura fistan ƙasa, mota ta tafi. Idan man ba shi da haƙurin jure matsi da zafi, wani ɓangarensa sai ya fashe da kansa tun wutar fulogi ba ta iso shi ba. A nan ne direba zai ji wata ƙara ƙal-ƙal-ƙal daga cikin inji, musamman idan ya taka totur yana hawan tudu da kaya. Idan abin ya daɗe yana faruwa, yana iya cin kan fistan har ya ɓula shi.

Wannan ƙwanƙwasa ta daɗe tana damun masu ƙera motoci. A 1921 Thomas Midgley, injiniya a kamfanin General Motors, ya gano cewa zuba wani sinadari mai ɗauke da dalma a cikin fetur yana kashe ƙarar. Ya kashe ta kuwa, amma duniya ta shafe shekaru da dama tana shaƙar gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yara, sai a 2021 aka daina sayar da irin wannan man ga motoci a ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya. Ma'aunin okten kansa kuma wani masanin sinadarai, Graham Edgar, ya kawo shi a ƙarshen shekarun 1920: ya ɗauki sinadari ɗaya mai saurin fashewa ya ba shi sifili, wani mai jure matsi ya ba shi 100, ake gwada kowane fetur a tsakaninsu.

Ga hujjar da ta fi gamsar da ni cewa babbar lamba ba ta nufin ƙarin ƙarfi. Sinadarin etanol da ake yi da masara ko rake, oktensa ya haura 100, amma lita ɗaya tasa tana da ƙarancin makamashi da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da litar fetur. Ya fi fetur jure matsi, amma bai kai shi nisan zango ba.

To wa ke buƙatar mai tsadan? Injin da aka ƙera ya matse mai sosai, ko wanda aka ɗora wa turbo mai cusa ƙarin iska, kamar yawancin motocin BMW da Mercedes-Benz. Da yawa daga irin waɗannan, kamfanin zai rubuta ƙarara cewa dole ne a sa musu babbar lamba, kuma wanda ya yi tsimi a nan zai biya a gareji. Gaskiya ne motocin zamani suna da wata 'yar na'ura a jikin inji mai sauraron ƙwanƙwasa. Da ta ji, kwamfutar motar sai ta jinkirta wutar fulogi don kare injin. Amma wannan kariya tana rage ja, tana ƙara shan mai, kuma tana da iyaka, musamman a tsananin zafi. Ita kuwa Corolla ko Camry ta yau da kullum, da 87 aka ƙera ta ta yi aiki. Ko an zuba mata 93 ba ta da hanyar cin moriyarsa, ƙonewa zai yi kamar na arha.

An gwada wannan. A 2016 ƙungiyar direbobi ta Amurka, AAA, ta sa man tsada a motocin da aka ƙera don mai arha, ba ta ga wani ci gaba na a-zo-a-gani ba, ko a ƙarfi, ko a tsimin mai, ko a tsabtar hayaƙi. Ta ƙiyasta cewa direbobi miliyan 16.5 sun yi asarar sama da dala biliyan 2.1 cikin shekara ɗaya a wannan hanya. A 2017 ta koma kan motocin da kamfani ya ce an fi so a sa musu mai tsada amma ba dole ba. A nan an sami ƙari: tsimin mai ya ƙaru da kashi 2.7 cikin ɗari, ƙarfi da kashi 1.4, alhali bambancin farashin ya kai kashi 20 ko fiye. Lissafin bai fita ba, sai ga wanda ke jan tirela ko yawan hawan duwatsu.

Masu cewa mai tsadan ya fi wanke inji su ma ba su da madogara mai ƙarfi. Tun tsakiyar shekarun 1990 dokar Amurka ta wajabta zuba sinadarin wanki a kowane irin fetur, mai arha da mai tsada.

Batun ya shafe mu a Najeriya ta hanyar motocin hannu da ake shigo da su ta Kwatano da Legas. Lambar Amurka da ta Turai ba da sikeli ɗaya ake auna su ba: 87 ta Amurka daidai take da kusan 91 ko 92 a lissafin Turai, 91 ta Amurka kuma kusan 95 ce. Kafin mutum ya biya kuɗin mota, ya buɗe murfin tankin mai ya karanta abin da aka rubuta a bayansa, ya kuma san daga wace ƙasa ta fito. Yawancin gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, don haka mai sayen motar da dole sai babbar lamba ya san ɗawainiyar da ya ɗauko. Kwalaben ƙarin okten da ake tallata wa direbobi kuwa ba su cika ɗaga lambar cikakken tanki yadda ake zato ba.

Abin da ya fi kashe injuna a wajenmu shi ne gurɓataccen mai. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Najeriya, motoci suka lalace, dogayen layuka suka dawo gidajen mai a Abuja da Legas. Ga kuma na 'yan bumburutu da ya kwana a jarka cikin rana, wani ma an surka shi da kananzir, wanda ke karya lambar okten ƙasa warwas. Direban da ya ji ƙal-ƙal bayan ya sha mai a bakin titi, ya sassauta ƙafa a kan totur, ya nemi gidan man da ya amince da shi ya cika tanki, idan kuma ƙarar ba ta tafi ba ya kai wa makanike ya duba fulogi da ruwan lagireto.