Me Ya Kamata A Kora Tsire Da Kifi Da Shi?

A gidajen abinci na Italiya akwai ƙa'idar da kowane mai hidima ya haddace: jan nama da jar giyar inabi, kifi kuwa da fara. A yankin Toskana, idan aka kawo gasasshen naman sa, Chianti ake ajiye masa a gefe. Kifin teku kuma sai irin su Vermentino. A Kano giya haramun ce, addini ya hana, doka ma ta hana tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Sai dai sirrin wannan ƙa'ida yana cikin bauri da tsami ne, kuma duka biyun ana sayar da su a kasuwa ba tare da ɗigon maye ba.

Baurin da kake ji idan ka tauna goro ko ka kurɓi shayi mai ƙarfi daga sinadarin tanin yake. Shi tanin yana kama abin da ke sa yawu santsi, sai baki ya bushe. Tsire da balangu kuwa maiƙo suke shafa wa harshe, har ɗanɗanon ya dushe bayan loma uku ko huɗu. Idan aka haɗa su, kowanne sai ya karya lagon ɗan'uwansa: bauri ya wanke maiƙo, maiƙo ya tausasa bauri. Baƙin shayi marar madara yana yin wannan aiki, haka ma zoɓo.

Kifi kuwa tsami yake so. Ƙarnin kifin teku daga sinadarin tirimetilamin yake, tsami kuma yana ɗaure shi ya hana shi tashi zuwa hanci. Tarwaɗa da karfasar da masunta ke kamawa a madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974, matsalarsu warin taɓo ce, daga wani sinadari mai suna jiyosmin, shi ma tsami yana rage masa ƙarfi. Don haka lemun tsami ko kunun tsamiya ne abokin tafiyar kifi. Sinadarin tartarik da ke ba inabi tsaminsa ma shi ne ya cika cikin tsamiya.

Idan yaji ya yi yawa, ruwa ba ya maganinsa, domin abin da ke ƙona baki a barkono ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. Kindirmo ne ke wanke shi.

Abin da ke ɓata mana wannan haɗi shi ne sukari. Zoɓon da aka zabga wa sukari tsaminsa ya mutu, ba ya iya wanke komai, sai dai ya ƙara wa baki nauyi. In za a sha shi da nama, a rage sukarin, a ƙara citta da kanumfari.