Zinariyar Liddell da abin da ya biyo baya

A gasar Olamfik ta birnin Paris a 1924, Birtaniya ta sa rai ga Eric Liddell, ɗan Sukotland, a tseren mita 100. Sai zagayen farko ya faɗo ran Lahadi. Liddell ya ce ranar ta Ubangiji ce, ba zai yi gudu ba. Ya koma mita 400, ya ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6.

A nan masu wa'azi kan dasa aya, su ce duk wanda ya bar abu don Allah za a ninka masa. Ni dai ban ga ninkin ba. A 1925, yana tsakiyar tashe, ya tattara ya koma ƙasar Sin inda aka haife shi, ya kama koyarwa a Tianjin, daga baya ya shiga ƙauyuka da bishara. Da yaƙin Japan da Sin ya yi ƙamari a 1941 ya tura matarsa da 'ya'yansu biyu Kanada, tana ɗauke da cikin ta uku. Wannan yarinya bai taɓa sa ta a ido ba.

Ai a koyarwar Kirista adalci ba ciniki ba ne. Manzo Bulus ya bayyana wa Romawa cewa mutum na samun karɓuwa gaban Allah ta bangaskiya ga Almasihu, alheri ne, ba ladan aiki ba. Wanda aka riga aka karɓa kuwa ba shi da wata buƙatar kafa suna. Buri bai zama zunubi ba, baiwa ma ba a binne ta. Linzamin ne kawai ya bar hannun buri.

Kuma kada a ɗauka adalcin nan taurin kai ne a kan doka. Sojojin Japan sun tsare Liddell a sansanin Weihsien a 1943. Da farko ya ƙi shirya wa yara wasa ran Lahadi. Suka yi abinsu ba alƙali, aka tashi da faɗa. Daga nan ya riƙa fitowa yana yi musu alƙalanci, don ya ga yaran sun fi ƙa'idarsa muhimmanci. Sauran ranaku yana koyar da kimiyya, yana ɗaukar wa tsofaffi kaya. Ƙari a ƙwaƙwalwa ya yi ajalinsa a Fabrairun 1945, yana da shekara 43, watanni kaɗan kafin a 'yantar da sansanin.