Likitan Haƙori a Ƙauye: Aikin Sa Kai a Kudancin Kaduna

Kafanchan gari ne da ke Ƙaramar Hukumar Jama'a, a kudancin Jihar Kaduna. Ya yi suna tun zamanin Turawan mulkin mallaka, domin a nan ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya kuma ta nufi Jos. A garin akwai babban asibiti da aka taɓa sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya rasu a shekarar 2012. Amma yawancin mutanen wannan yanki ba a cikin gari suke zaune ba. Manoma ne da ke ƙauyukan kewayen Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia, suna noman citta da masara da doya. Idan haƙorin ɗayansu ya fara ciwo, sai ya lissafa kuɗin mota da kuɗin magani da yinin da zai rasa a gona. Sau da yawa lissafin yakan sa ya haƙura ya zauna a gida.

Ba a nan kaɗai ake fama da wannan matsala ba. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum biliyan 3.5 ne ke da wata cuta ta baki ko ta haƙori. A Nijeriya likitocin haƙori kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma akasarinsu suna aiki ne a manyan birane irin su Legas da Ibadan da Abuja. Wannan giɓi ne masu aikin sa kai suke ƙoƙarin cikewa. Aikin sa kai shi ne aikin da mutum ya ɗora wa kansa don taimakon wasu, ba tare da jiran albashi ba. Coci-coci da ƙungiyoyin addinin Musulunci da ƙungiyoyin ci gaban gari sukan gayyato likitoci da ma'aikatan jinya su zo ƙauye su duba marasa lafiya kyauta na yini ɗaya ko na 'yan kwanaki.

Kafin a fara, dole a nemi izinin hukumomin lafiya, a kuma kai gaisuwa wurin sarki ko hakimi ko mai unguwa. Likitan da ya zo daga ƙasar waje ma ba ya taɓa bakin kowa sai hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Nijeriya ta ba shi izini. Daga nan sai a share ajin makarantar firamare ko ɗakin shan magani, a jera benci, a ɗora tukunyar tafasa kayan aiki. Tafasa kayan nan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarfen da ya shiga bakin wani, idan aka sa shi a bakin wani ba a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa ba, yana iya yaɗa ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. Haɗarin da ke tattare da masu cire haƙori a kasuwa ke nan.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya kamata mai koyon Hausa ya lura da shi. A kudancin Kaduna ana magana da harsuna da yawa, kamar na Bajju da Atyap da Ham da Fantswam, amma Hausa ce ke haɗa mutane a kasuwa da tasha da asibiti. Likitan da ya iya tambayar tsohuwa, “Mama, ina ne yake miki ciwo? Tun yaushe? Yana hana ki barci?” ya fi wanda ke jiran tafinta saurin gane cutar, kuma an fi sakin jiki da shi.

Yawancin waɗanda ke zuwa layi sun daɗe da ciwon. Wasu sun ce tsutsa ce ke cin haƙorin, amma babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin ragowar sukari, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da bayan haƙori a hankali har ya yi kogo. Idan kogon ya kai ga jijiya, sai zugi ya tashi, dasashi ya kumbura, wani lokaci har mugunya ta taru. A wannan mataki, a ƙauyen da babu wuta kuma babu injin ɗaukar hoton haƙori, abin da ya rage shi ne cirewa. Akan auna hawan jinin mutum, a tambaye shi ko yana da ciwon suga, a yi masa allurar kashe zafi, sannan a cire. Akan ba shi auduga ya cije na kimanin rabin awa, a gargaɗe shi kada ya kurkure baki a ranar. Washegari sai ya fara kurkurewa da ruwan ɗumi da gishiri.

Idan kogon bai yi zurfi ba, ana iya ceton haƙorin. A tsakiyar shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken, yana aiki a Tanzaniya, ya ɓullo da hanyar cike haƙori wadda ba ta buƙatar wutar lantarki. Da ƙananan ƙarafa na hannu ake kankare ruɓaɓɓen wurin, sai a cike shi da wani haɗi mai kama da siminti, wanda ke sakin sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori. Hanyar ta dace ƙwarai da yaran makaranta, domin babu ƙarar inji da za ta tsorata su.

Duk da haka, aikin yini ɗaya yana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Masu aikin sukan tafi da yamma, ciwo kuwa ba ya bin su. Wanda wurin cirewarsa ya kumbura bayan kwana uku, wa zai duba shi? Saboda haka tawagar da ta san aikinta takan rubuta wa mara lafiya takardar zuwa asibiti mafi kusa, ta kuma yi aiki tare da ma'aikacin lafiya na ƙauyen, wanda zai ci gaba da zama bayan an tafi. A ganina, awa ɗaya da aka ɗauka ana koyar da malamai da iyaye mata ta fi haƙora ashirin da aka cire amfani. Akan nuna musu yadda ake goge baki safe da dare da buroshi da makilin mai fuloraid, ko da aswaki ga wanda ba shi da halin sayen buroshi, da kuma illar yawan alewa da lemon kwalba.

Babban abin da ake koya wa iyaye shi ne gane cutar noma. Kada sunan ya ruɗe ku: ba shi da alaƙa da noman gona, daga harshen Girkanci ya fito. Cuta ce da ta fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba sa samun isasshen abinci, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da warin baki, amma cikin 'yan kwanaki tana iya cinye kunci da leɓe, kuma yawancin yaran da ba a yi wa magani ba sukan mutu. A Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka buɗe a shekarar 1999 don masu wannan cuta, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa tun 2014, ana yi wa waɗanda suka rayu tiyatar gyaran fuska kyauta. A watan Disamba na 2023, bayan buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Daga Kafanchan zuwa Sakkwato tafiya ce ta yini guda cur. Amma idan uwa ta buɗe bakin ɗanta ta ga dasashi ya yi ja yana zubar da jini, ta kai shi ɗakin shan magani a ranar, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sukan isa su tsayar da cutar tun ba ta taɓa fuska ba.