Dutsen da ke da nasa watan: labarin Kalliope

Yau sama za mu ɗaga kai.

Bari in fara da abin da ya faru kusa da gida. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami, can yankin Faskari a Katsina, makwabtanmu. A gona ya faɗi, dab da wani manomi. Daga baya bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne. To me ya ɓallo shi? Wani babban dutsen sararin samaniya ne ya daki Mars da ƙarfi, har tsakuwarta ta yi tsalle ta fice, ta yi ta yawo, ƙarshe ta sauka a ƙasar Hausa. Irin waɗannan duwatsu masu yawo su ake kira astaroyid, kuma mafi yawansu suna zagaya rana ne a tsakanin Mars da Jupiter.

Ɗaya daga cikin manyansu nake so mu duba yau. Sunansa Kalliope. Wani Bature ɗan Ingila, John Russell Hind, ya gano shi a Landan a watan Nuwamban 1852, kuma shi ne na 22 a jerin waɗanda aka gano. Faɗinsa ya kai kilomita 150, wato kusan daga Kano zuwa Zariya. Ba dunƙulalle ba ne kamar ƙwallo, ya ɗan yi tsayi ta gefe guda kamar dankali. Nisansa da rana ya kusa ninka namu sau uku, don haka sai ya shafe kusan shekara biyar tamu kafin ya gama zagaye ɗaya. Amma wajen juyawa a kansa akwai sauri: awa huɗu da 'yan mintuna ya juyo. Da a ce kana zaune a kansa, kafin ka gama hirar dandali gari ya sake wayewa.

Kada ka fita neman sa da ido ko da daren da wuta ta ɗauke a Karaye, taurari suka cika sama fal. Ba ya ganuwa sai da madubin hangen nesa.

Shekara kusan 150 ana kallon sa a matsayin ɗigon haske shi kaɗai. Sai a watan Agustan 2001 masana biyu, Jean-Luc Margot da Michael Brown, suka duba shi da babban madubin Keck da ke Hawaii, suka ga wani ƙaramin ɗigo a gefensa yana zagaya shi. Ashe wata gare shi. Aka raɗa masa suna Linus. Faɗin Linus kilomita 28 ne ko kusa da haka, ka ce daga Karaye zuwa Rogo idan an ja layi a miƙe. Yana nesa da Kalliope da kimanin kilomita 1,100, kamar tafiyar Kano zuwa Legas a mota, kuma yana gama zagayensa cikin kwana uku da rabi da ɗoriya. Yawancin masana na ganin karo ne ya haife shi: wani dutsen ya daki Kalliope, tarkacen da ya tashi ya haɗu ya zama wata.

Kafin nan an riga an san astaroyid na iya samun wata. Kumbon Galileo ya wuce ta kusa da wani mai suna Ida a 1993, aka ga ɗan watansa Dactyl a hotunan da ya aiko. Amma Dactyl bai kai kilomita biyu ba. Linus kam ƙato ne.

Wani zai ce, to sai me? Dutse ya samu wata, ina ruwanmu? Nan ne wurin da ni abin ya fi burge ni.

Ta yaya za ka auna nauyin abin da ba za ka iya ɗora wa sikeli ba? Ka tuna majajjawar da yara ke korar tsuntsu da ita a gonar dawa. Idan kana wulwula ta da sauri, dole hannunka ya riƙe igiyar da ƙarfi, in ba haka ba dutsen ya tafi. A sama babu igiya, ƙarfin janyowa ne ke riƙe wata, kuma wannan ƙarfin daga nauyin babban dutsen yake fitowa. Saboda haka idan ka san nisan watan, ka san kwana nawa yake yi ya zagayo, lissafin da Newton ya bari zai ba ka nauyin wanda ake zagayawa. Linus ya zama sikelin Kalliope ke nan.

Da aka haɗa nauyin da girman, sai abin mamaki ya fito. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita ɗaya ta irin duwatsun da muke fasawa a yi gini ba ta kai kilo uku ba. Ta Kalliope ta haura kilo huɗu. Dutse zalla ba ya yin wannan nauyin, dole akwai ƙarfe mai yawa a cikinsa. Ka kwatanta da wani mai suna Sylvia, wanda ya fi Kalliope girma kuma yake da wata har biyu, Romulus da Remus. Shi da aka auna, litarsa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, alamar cikinsa akwai ƙanƙara ko ramuka da yawa. A madubi duka biyun ɗigon haske ne. Watanninsu ne suka tona bambancin, kamar mudun gero da mudun ƙusa.

Wannan sanin ba na nishaɗi kawai ba ne. Kalliope dai ba ya zuwa inda muke, hankalinku ya kwanta. Amma akwai ƙanana da hanyarsu ke giftawa kusa da duniya, kuma in wata rana aka ga ɗaya ya nufo mu, tambayar farko ita ce nawa ne nauyinsa, kuma dunƙulen ƙarfe ne ko tarin tsakuwa. Ture su ba iri ɗaya ba ne.

An ma gwada. Ranar 26 ga Satumba, 2022, hukumar NASA ta Amurka ta tura kumbon DART ya yi karo da gangan da Dimorphos, ɗan watan wani astaroyid mai suna Didymos. Wata aka zaɓa saboda zagayensa gajere ne, ana iya lissafa shi daga nan ƙasa. Kafin karon yana zagayowa cikin awa 11 da minti 55. Bayan karon ya ragu da sama da rabin awa. Karon farko ke nan da ɗan Adam ya sauya hanyar wani dutsen sararin samaniya da niyya. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba nata kumbon, Hera, a Oktoban 2024 don ya je ya duba abin da karon ya yi wa dutsen.

Wanda ke da kaka ko kakan da ya ji labarin faɗuwar dutsen Zagami a wancan lokacin, don Allah ya tambayo mana yadda mutanen gari suka ɗauki abin, ya rubuto a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.