Gargaɗi ga Manoma Game da Lambun Walima

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a duniya, wadda mawadatan birni, bayan sun ƙosa da hayaniya da abincin gwangwani, suke fita karkara su ci abinci a inda aka noma shi, har su yi walimar aure ko ta suna a gindin itatuwa. A Italiya, Carlo Petrini ya soma kiran mutane ga abincin gargajiya tun 1986. A Porto-Novo kuwa, cibiyar Songhai, wadda Godfrey Nzamujo ya kafa a 1985, tana ciyar da baƙinta da kifi da kaji da ganyen gonarta. To, da yake Sabon Maci yana bisa hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, kuma Allah ya hore wa ƙasar gero da wake da gyaɗa da jar akuya, ba abin mamaki ba ne wata rana wani attajiri ya tsai da mota ya taya gonar bakin hanya domin ya mai da ita irin wannan lambun walima.

Sana'ar halal ce, kuma akwai maslaha a cikinta ga mai fura da mai kilishi da mai kiwon zabi. Illa dai manomi ya sani cewa gonar da ya gāda, wadda marayu da mata suke da rabo a cikinta bisa hukuncin gādo, idan ya sayar da ita domin kuɗin da ba za su kai shi kaka biyu ba, to ya sayar da abincin jikokinsa, alhali kuwa fuƙaha'u sun daɗe da bayyana babin ijara, wato a ba da haya zuwa ajali sananne, bisa lada sananne, asalin mulki yana hannun mai shi. Ko a hayar ma kada a dogara ga fatar baki, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Kuma dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, domin irin wannan rubutu. A kuma duba kada katanga ta ci burtali ko ta tare rijiya, gama fitinar manomi da makiyayi sau da yawa daga nan take tashi.

Sai batun abin da ake ci. Kasancewar salak ko tumatir an tsinko shi yanzu ba hujja ba ce ta tsarkinsa, muddin an fesa masa magani jiya ba a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba ba. Haka waken da aka adana da fiya-fiya, da madarar da ba a tafasa ba, wadda takan ɗauko tarin fuka daga saniya. Mutanen Madarunfa ba su manta da amai da gudawa na 2018 ba, kuma taron ɗaruruwa babu makewayi, babu ruwa mai tsabta, ƙofa ce ga irin wannan cuta.

Don haka muna roƙon masu gari da limamai su karanta wa jama'a wannan bayani ranar kasuwa da bayan sallar Juma'a, kuma kada kowa ya sa hannu a takardar gona sai magada duka sun halarta.